Yadda Ake Zuba Awon Zinariya Irin Na Asante

Daular Asante da Osei Tutu ya kafa a Kumasi wajen 1701 ta tsayu ne kan garin zinariya, shi kuwa garin zinariya ba ya zama kuɗi sai da ma'auni. Ƴan ƙananan awon tagulla ne suka riƙe cinikin, wasunsu a kan miskali, kimanin giram 4.5, wanda fataken goro daga arewa suka sani. Ga yadda maƙeran Krofofrom, wani ƙauye kusa da Kumasi, suke zubi har yau.

A murza kakin zuma, a fitar da siffar, a manna mata siririn sandan kaki, shi ne zai zama hanyar ƙarfe. Shafin farko yumɓu ne mai laushi haɗe da garin gawayi, a tsinka shi kamar koko. A nan aikin yake: idan ya yi kauri, zanen ya ɓace. A bari ya bushe a inuwa, a maimaita sau biyu ko uku, sannan a lulluɓe da yumɓu mai zaren kwakwar manja.

A gasa kaɗan, kakin ya tsiyaye. A cika ƙoƙon yumɓu da gutsattsarin tagulla, a liƙe shi a bakin hanyar, a sa a wuta, ƙoƙon na ƙasa, a yi ta zuga. Tagulla na narkewa bayan digiri 900 na Celsius. Da awartaki a juya shi lokaci guda, ƙoƙon ya koma sama, narkakkiyar tagulla ta cika gurbin kakin.

Yumɓu mai danshi fashewa yake, tururi ne sanadi. Wuta ta gaza kuwa, ƙarfen ya daskare a hanya, awon ya fito guntu. Idan zubin ya huce, a fasa yumɓun, a goge awon.