Kurakuran da Kamfanonin Maganin Ƙwari Suka Fi Yi Wajen Kai Rahoton Illa ga Hukuma

A ce wata mata ta kira layin kamfani muryarta na rawa. Jiya da yamma ta ɗiga wa kyanwarta maganin ƙuma a bayan wuya, yau da safe ta tarar da ita tana karkarwa, miyau na dalala, ko tsayuwa ta kasa. Ma'aikacin da ya ɗaga wayar ya ce ta karanto masa abin da ke jikin kwalin, nan take ya gane na karnuka ta saya. Ya ce, "Ayya, sannu, yi haƙuri. Wannan ba na kyanwa ba ne, maza ki kai ta wurin likitan dabbobi." Shawara ce mai kyau. To amma da ya ajiye wayar bai rubuta komai ba, don a ganinsa matar ce ta yi kuskure, maganin ba shi da laifi.

Abin da ya yi ke nan mafi yawan kurakuran wannan aiki suke samo asali: ma'aikacin kamfani ya naɗa kansa alƙali. Doka kuwa ɗan aike ta ce ya zama. A Amurka, sashe na 6(a)(2) na dokar magungunan ƙwari mai suna FIFRA ya wajabta wa duk kamfanin da ke riƙe da rajistar magani ya sanar da hukumar kare muhalli ta EPA illar da ya samu labarinta, kuma a 1997 aka fitar da ƙa'idojin da suka fayyace yadda za a yi. Kanada ta fara aiki da nata ƙa'idojin a 2007, rahotanni na zuwa wurin hukumar kula da magungunan ƙwari ta PMRA da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Tarayyar Turai ma ta sa irin wannan wajibi a sashe na 56 na dokarta mai lamba 1107/2009.

Ƙa'idar Amurka abu uku ta tambaya. An gaya wa kamfani cewa mai yiwuwa maganin ya taɓa mutum ko dabba ko shukar da ba ita aka nufa ba? An ce wata illa ta biyo baya? Kamfanin ya san wurin da abin ya faru, da maganin, da wanda za a tuntuɓa, ko yana iya samo su? In ukun nan sun cika, rahoto ya wajaba, sai fa in akwai hujja ƙarara cewa abin bai faru ba, ko ya faɗa cikin 'yan abubuwan da ƙa'idar ta keɓe. Ba a ce a jira likita ya tabbatar ba. Amfani da magani ba bisa umarni ba shi ma ba ya kore rahoto, kuma a wurina irin waɗannan rahotanni suna cikin mafi amfani. Mutum ɗaya ya sa wa kyanwa maganin kare, ana iya cewa sakacinsa ne. In ɗaruruwa suka yi haka, kwalin ne ya kamata a duba. Sinadarin permethrin da ke cikin wasu magungunan karnuka guba ne ga kyanwa, don hantarta ba ta iya sarrafa shi da sauri. Yawaitar rahotannin magungunan ɗigawa ce ta sa EPA ta yi nazari a 2009, a 2010 kuma ta nemi a gyara bayanin jikin kwali yadda za a bambance na kare da na kyanwa, a kuma daidaita yawan maganin da nauyin dabba. Da yayyafi kogi kan cika, kuma kiran da ba a rubuta ba ɗigo ne da bai isa kogin ba.

Tsoro ne yake sa a riƙe rahoto, ana ganin kamar amsa laifi ne. Ba haka ba ne. Rahoto cewa yake yi ga abin da aka gaya mana, kuma kamfani na iya haɗawa da nasa bayanin in yana da ja. Ita kanta EPA da ta buɗe wa jama'a rumbun rahotannin shekara 10 a 2023, ta ja kunnen masu karatu cewa shigar labari cikin rumbun ba ya nufin an tabbatar maganin ne sanadi. Gyaran a nan umarni ne guda da ya kamata kowane ma'aikaci ya haddace: rubuta, miƙa, ka bar hukunci ga masu shi.

Sai kuskuren ɗaukar cewa kamfani bai "sani" ba har sai takarda ta isa teburin jami'in da ke hulɗa da hukuma. Labarin illa ba kasafai yake bi ta wannan ƙofa ba. Wakilin talla ne manomi yake tarewa a bakin gona ya nuna masa ganyen da ya ƙone, shi kuma ya ba shi haƙuri ya ƙara masa kwalba biyu, magana ta mutu a nan. Ko lauyan kamfani ya karɓi takardar neman diyya ya sa ta a fayil ɗin shari'a, bai taɓa kawo wa ransa cewa rahoton illa ce ba. A 1995 EPA ta ci kamfanin DowElanco tarar dala 732,000 saboda bai kai rahoton illolin lafiya ba, kuma akasarin bayanan daga ƙararrakin neman diyya suka fito a kan maganin ƙwarin chlorpyrifos, wanda ake sayarwa da sunan Dursban. A 2000 aka janye kusan duk amfani da shi a cikin gidaje. Duk shekarun da takardun nan suka yi a kulle, ana fesa maganin a ɗakunan da yara ke rarrafe. Wannan yana damuna ƙwarai. Maganin matsalar shi ne a yi ƙofa ɗaya da kowane labari zai bi, ya fito daga waya ko wasiƙa ko shafin Facebook na kamfani ko kotu, a rubuta ranar da mutum na farko ya ji shi, a kuma koyar da masu talla da dillalai da lauyoyi, ba ma'aikatan ofishin rajista kaɗai ba.

Ranar nan tana da muhimmanci domin daga ita wa'adi ke soma gudu. Zargin mutuwar ɗan Adam kwana 15 ne, a Amurka da Kanada duka. A Amurka manyan illoli ana tara na wata guda a miƙa cikin kwana 30 bayan nan, ƙananan kuma a tara na wata uku a miƙa jimilla cikin kwana 60. Tun da girman illa ke yanke wa'adi, sai wasu su riƙa sassauta ta. Wani lokacin ma ba da niyya ba ne, tambaya ce ba a yi ba. An rubuta "kifi sun mutu a tafki", an yi shiru. Nawa? Wane iri? Ƙa'idar Amurka lissafi take yi: kifi 1,000 na irin masu yawo a garke, ko 50 na waɗanda ba sa garke, babbar illa ce. Tsuntsaye masu tashi a garke 200, amma masu farauta irin shaho da mikiya biyar kacal sun isa. Wanda bai tambayi adadi da iri ba zai jefa babban lamari cikin jimillar wata uku, inda ya zama lamba ɗaya a cikin jadawali. In ana shakka tsakanin mataki biyu, ni dai a ɗauki na sama.

Akwai kuma masu zaton ƙorafin mutanen waje kawai ake kaiwa, su manta da binciken kamfanin kansa. Maganin kashe ciyawa na kamfanin DuPont mai suna Imprelis ya samu rajista a 2010. Da aka soma fesa shi a filayen wasa da farfajiyoyi a 2011, sai manyan itatuwa masu ganye kamar allura suka fara murɗewa suna bushewa daga sama. A Agustan wannan shekarar EPA ta hana sayar da shi, rahotannin ɓarna sun haura 7,000. A 2014 kamfanin ya amince ya biya dala 1,853,000, kuma cikin abin da aka tuhume shi da shi har da rashin miƙa rahotannin gwaje-gwajen fili guda 18 a kan lokaci. Duk gwajin da ya nuna illar da ba a sani ba, ko ta fi wadda aka sani tsanani, masanin da ya gani ya tura shi ta waccan ƙofa guda, kada ya jira a kammala rubutu mai kyau.

Wasu abubuwan gajeru ne amma ana yawan tsallake su. Kwalbar da ke yoyo ko murfin da yaro ke iya buɗewa, Kanada ta ware masa nau'in rahoto na kansa, haka ta yi wa ragowar magani a abinci da ta wuce ƙima a ƙa'idojinta na 2007. Daina sayar da magani ba ya sauke wajibi nan take, tun da kwalabe na nan a ɗakunan ajiyar mutane.

Saura kiran farko, wanda sau da yawa shi ne na ƙarshe. Mai kira yana cikin tashin hankali, a fara da abin da zai ceci rai. Bayan nan kada a ajiye waya sai an karɓi cikakken sunan maganin da lambar rajistarsa, lambar zubin da aka haɗa shi, yawan da aka yi amfani da shi, tazarar da ke tsakanin amfani da bayyanar alamu, shekaru da nauyin wanda abin ya shafa, da lambar da za a sake kira. A roƙe shi kada ya yar da kwalin. Alamun kuma a rubuta su da bakin mai faɗa: in ta ce "tana karkarwa ta kasa tsayuwa", kada a mayar da shi "ba ta jin daɗi". Bayan kwana biyu ko uku a sake kiran matar nan a tambayi jikin kyanwar. In ta warke a rubuta. In ta mutu, matakin illar ya canja, sai a gyara rahoton, a haɗa da abin da likitan dabbobin ya gani.