Kurakuran da masu kiwon tsuntsayen da ke ƙarewa suka fi yi, da gyaransu

A saman soronmu a Makka na fara ganin illar barbarar 'yan gida ɗaya da idona. Da tantabaru huɗu na fara, cikin shekara uku suka cika keji, ina ta murna. Daga baya ƙwai ya riƙa zama bara-gurbi, 'yan shila na fitowa da ƙafa a murɗe, wasu ko sati ba sa kaiwa. Na canza abinci, na ba da magani, a banza. Ashe duk jikokin uba ɗaya ne. Tantabara dai ba ƙarewa za ta yi ba, amma 'yan'uwanmu da ke aikin kula da hubara, wato dangin tuji, ko shaho a gonakin Saudiyya, a hannunsu wannan kuskure na iya kashe iri.

Babban kuskure shi ne ƙirga kawuna a ce an tsira. Yawan kai daban, yawan jini daban. Duk wanda ya san sikila ya san yadda abin yake: uwa na ɗauke da ita a ɓoye, uba ma haka, kowa lafiyarsa ƙalau, sai a jikin ɗa ta bayyana. Haka ƙwayoyin gado suke a tsuntsu, rabi daga uwa, rabi daga uba. In 'yan gida ɗaya suka yi ta barbara a tsakaninsu, lahanin da ke kwance sai ya haɗu da ɗan'uwansa. Ga kuma annoba: garken da jininsa ɗaya ne, cutar da ta ka da ɗaya tana iya share sauran. Babbar ungulun Kalifoniya a Amurka ta ishe mu misali. A 1987 guda 27 suka rage, aka kama su duka aka kiwata. Yau sun haura 500, amma duk daga kakanni 14 suka fito, kuma akwai wata nakasar ƙashi da suke gada mai kashe ɗan tsako. Shi ya sa masu kula da su ba sa haɗa mace da namiji sai sun duba asali. Gyaran ke nan, kuma ba ya cin kuɗi: zobe mai lamba a ƙafar kowane tsuntsu, da littafin da za a rubuta uwarsa da ubansa.

Sai dogaro da namiji ɗaya don ya fi girma ko ya fi kuzari. Wannan ya fi sauƙin faruwa da hubara, domin a cibiyoyi irin ta Ɗa'ifa, wadda aka buɗe a 1986, da hannu ake ɗura wa mace maniyyi. Namijin da ya saba da mutane shi ne mai sauƙin aiki, sai hannu ya yi ta komawa kansa. A daure a ba kowane namiji rabonsa, har da mai gardamar, a kuma riƙa musayar maza da wasu gonaki. Mai gardamar nan ma, wataƙila 'ya'yansa ne za su iya gudun dila ranar da aka sake su a daji.

Wasu kuma da suka ji wannan sai su zarce, su ce a gauraya komai. A'a. Hubarar Afirka ta Arewa da ta Asiya jinsi biyu ne, ba a haɗa su. Shahon da aka samu ta hanyar haɗa jinsi biyu kuwa, in ya kuɓuce ya shiga cikin na daji, ya gurɓata jininsu. Baƙon jini ana nemansa ne a cikin dangi mafi kusa. Da jiminar Larabawa ta ƙare a ƙarnin da ya wuce, jimina mai jan wuya irin ta Sudan aka saka a gandun dajin Mahazat as-Sayd da ke Saudiyya, saboda ita ce ta fi kusa da ita.

Ni dai maza biyu na karɓo a Jidda wurin wani dattijo, na ba shi biyu daga nawa, na ɗaura wa kowanne zare mai launi a ƙafa. Ƙyanƙyasar da ta biyo baya, 'yan shila suka fito da ƙafafunsu a miƙe.