Yadda Za Ka Haɗa Google Sheets da Trello Ba Tare da Rubuta Lambar Kwamfuta Ba

Idan kana rubuta odar abokan ciniki a Google Sheets, sannan ka sake kwafe ta da hannu zuwa Trello (manhajar tsara ayyuka a kan kati-kati) don ma'aikata su gani, Zapier, wato manhajar da ke haɗa manhajoji su yi aiki tare da kansu, zai ɗauke maka wannan wahala.

1. Fara gyara takardar Google Sheets ɗin. A layin farko sa kanun ginshiƙai: suna, aiki, ranar kammalawa. Cike layi na biyu da oda ɗaya ta gwaji. Nan ne mutane suka fi yin sakaci, alhali ba tare da kanun ba Zapier ba zai gane komai ba.

2. Buɗe asusu a Zapier, ka ƙirƙiri sabon Zap, wato haɗin da zai riƙa yi maka aikin da kansa.

3. A Trigger (abin da zai tayar da Zap) zaɓi Google Sheets, sannan New Spreadsheet Row. Ba shi izinin shiga asusunka, ka nuna masa takardar.

4. A Action (abin da Zap zai aikata) zaɓi Trello, sannan Create Card. Nuna allo da jerin da katin zai faɗa. Ginshiƙin aiki ya zama sunan kati, ranar kammalawa ta shiga Due Date. Ni dai na fi son sunan mai oda ya zauna cikin bayanin kati, don allon ya yi sauƙin karantawa a waya.

5. Gwada, duba Trello, in katin ya fito daidai danna Publish.

A tsarin kyauta Zapier kan leƙa takardar duk minti 15, don haka kada ka damu in kati ya ɗan jinkirta. Kuma kada ka bar layi fanko a tsakiya, ko ka sauya kanun ginshiƙi alhali Zap na aiki. Kashe shi tukuna.