Masu MGB, kafin ku canza shokazoba

Salam jama'a, ga masu tsohuwar motar nan MGB ta Ingila da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, kar ku yi saurin cire shokazobanta na asali. Nata ba irin dogon nan mai kamar famfo ba ne, na kamfanin Armstrong ne mai hannu da ɗan tankin mai, kuma a gaba wannan hannun shi ne yake riƙe da saman ƙafar motar, in ka cire shi gaba ɗaya to me zai riƙe tayar? Shi ya sa yawancin kit ɗin gaba, wato kayan da ake sayarwa don sa dogon shokazoban, suke barin tsohon a wurinsa, a zare bawul ɗin ciki kawai sannan a ɗaura sabon a gefe.

Ni dai shawarata a fara da baya, can ne aikin yake da sauƙi, sa dogon na kamfanin Spax ko Koni mai saiti, ka sa shi a mafi laushi tukuna ka ɗan zaga gari kana ƙarawa kaɗan kaɗan, nawa da na ƙure shi ranar farko wallahi ko tsakuwa na taka sai na ji a ƙuguna. Na gaba kuwa duba mai, sau da yawa yoyo ne kawai, za ka ga wajen hannun ya jiƙe ƙura ta manne baƙi ƙirin.

A canza biyu tare, hagu da dama, da bushin roba. Kuma don Allah kar bakanike ya ɗaure notin bushin mota tana kan jak, sai an sauke ta nauyinta ya zauna kan taya, in ba haka ba robar murɗewa take ta yage da wuri.