Yadda Ake Fita da Iyali da Abokai Cin Abinci a Manyan Gidajen Abinci na Abuja

Duk wanda ya bi ta titin Aminu Kano ko na Adetokunbo Ademola a Wuse II da yammacin Juma'a ko Asabar zai ga yadda motoci ke cika harabar manyan gidajen abinci, kuma da yawa daga cikin masu fitowa daga motocin nan mutanenmu ne: magidanci da babbar riga, uwargida da mayafinta, yara na biye da su, wani lokaci har da dattijuwar da ta zo daga gida ganin likita aka ce a fito da ita ta ga gari. Sau da yawa akan koma gida rai a ɓace alhali abincin bai yi laifin komai ba, illa dai an ji kunyar tambayar abin da ya kamata a tambaya tun kafin a zauna. Alkunya ado ce a zaure, amma a gaban takardar abinci mai cike da sunayen Italiyanci da Faransanci tana iya jawo wa mutum asarar kuɗi, ko ma ta sa ya ci abin da addininsa ya hana shi.

Abin da za a fara warwarewa shi ne wanda zai biya. A al'adarmu wanda ya ce "ku zo mu je" shi ne ya ɗauki nauyi, kuma idan iyaye ko surukai ko baƙi daga gida ne za a fita da su, wannan ba ya ma bukatar magana. Inda ake samun tangarɗa shi ne tsakanin abokai, musamman 'yan aji ɗaya ko abokan aiki, waɗanda wani a cikinsu ya samu wani kuma yana jiran albashi. Idan karo-karo za a yi, ko kuwa kowa zai biya nasa, a faɗa a fili a zauren WhatsApp tun ranar da aka sa rana, tare da ƙiyasin abin da zai iya kamawa kan kowane mutum, domin wanda aljihunsa ba zai ɗauka ba ya samu damar ba da uzuri cikin mutunci. Wanda aka gayyata kuma kada ya zo da ɗan gayyar soɗi, kada kuma ya miƙa yatsa kan abinci mafi tsada a takardar. Ya saurari abin da mai gayya ya zaɓa wa kansa, ya tsaya kusa da wannan farashin.

Shi kuma mai gayya ya san cewa kuɗin da aka rubuta a gaban kowane abinci galibi ba shi ne za a karɓa a hannunsa ba. Akwai harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairun 2020, sannan wurare da dama suna ɗora kuɗin hidima, wanda sau da yawa yakan kai kashi 10 cikin 100. Ke nan idan abin da aka ci aka sha ya kama naira 100,000, lissafin zai iya zuwa da naira 117,500. Yawancin gidajen suna da shafi a Instagram da lambar WhatsApp, saboda haka a nemi su turo takardar abincinsu ta yanzu, domin hoton da wani ya ɗauka bara ba abin dogaro ba ne a wannan zamani da farashi ke sauyawa kusan kowane wata. A kuma tambaya ko an riga an saka haraji a cikin farashin ko sai a ƙarshe za a ɗora.

Wajen zaɓen wuri, a duba mafi tsufa da mafi ƙanƙanta a cikin ayarin, domin su ne za su fi shan wahala idan aka yi kuskure. Abuja tana da gidajen abincin Lebanon, na Indiya, na Sin da na Italiya, a Maitama da Wuse II da Asokoro da Jabi, amma dattijon da ya saba da tuwo da miyar kuka zai fi sakewa a inda zai ga abin da ya sani. Manyan otal irin su Transcorp Hilton da ke Maitama, wanda aka buɗe tun 1987, suna da sashen abincin gida inda ake jera kwanuka kowa ya ɗiba da kansa, kuma wannan tsari yana da sauƙi ga iyali mai yawa, tunda kuɗin na kan kowane mutum ne kuma ido yana ganin abin da hannu zai ɗiba. Mai ƙananan yara zai fi samun natsuwa a wuraren da ke da fili, kamar na bakin tafkin Jabi. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne cewa wasu gidajen da ke shiru da rana sukan rikiɗe idan dare ya yi, a saki kiɗa, a fito da shisha, kuma akasarin manyan wurare suna sayar da giya. Saboda haka lokacin kama tebur a nemi wanda ke nesa da wurin shaye-shayen, ko ɗaki na musamman idan suna da shi, a kuma tambaya ko akwai wurin alwala da sallah.

Magariba a Abuja tana faɗawa ne tsakanin ƙarfe 6 da 7 na yamma duk shekara, don haka ko dai a zauna da rana bayan Azahar, ko kuma bayan Isha'i. Ni na fi son ranar Asabar da rana idan da yara da tsofaffi, domin wurin bai cika ba kuma masu kicin ba su gaji ba. Idan wasu za su taho daga Kubwa ko Lugbe ko Mararaba, a ƙara musu lokaci saboda cunkoso, kuma a gaya wa gidan abincin ainihin yawan mutanen, har da jarirai. A watan azumi wuraren buɗa-baki sukan cika, sai an kama wuri da wuri.

Tsarin zama yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Suruki da surukarsa da aka ajiye fuska da fuska ba za su iya cin komai ba, za su yi ta juya cokali ne har a kwashe faranti. A raba su, a sa jika ko wata 'ya a tsakani, ko ma a nemi tebur biyu kusa da juna, maza a ɗaya mata a ɗaya, wanda gidajen abincin Abuja sun saba da shi. Babba ya fara zama, a ba shi kujerar da ba ta kan hanyar masu kai-komo kuma ba ta ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, shi kuma za a fara tambaya abin da yake so.

Nan ne aka iso inda tambaya ta fi amfani. Weita, wato ma'aikacin da ke kawo abinci tebur, aikinsa ne ya bayyana abin da ke cikin kowane abinci, kuma idan bai sani ba sai a ce ya shiga ya tambayi mai dafawa. A abincin Italiya, taliyar da ake kira kabonara asalinta da naman alade ake yin ta, shinkafar rizoto galibi ana zuba mata farar giyar inabi wajen dahuwa, kuma kayan zaƙin tiramisu sau da yawa yana da barasa a ciki. Bekon da ham da salami da feferoni da ake ɗorawa kan fiza asalinsu ma na alade ne, ko da yake wasu gidajen suna amfani da na sa ko na talotalo, saboda haka sai an tambaya. A abincin Sin akan sa giyar shinkafa a wasu miyoyi. Maganar da ake yi cewa wuta tana ƙone barasar gaba ɗaya ba daidai ba ce, wani kaso yakan rage, gwargwadon daɗewar da abin ya yi a kan wuta. Hatta lemon Chapman da muke ba yara hankali kwance akan ɗiga masa ruwan ɗacin Angostura, wanda barasar da ke cikinsa ta haura kashi 40 cikin 100, duk da cewa ɗigo kaɗan ake sawa. Hukuncin wannan na malamai ne, amma wanda yake son kauce wa shakka sai kawai ya ce a haɗa masa ba tare da ɗacin ba. Haka nan idan akwai mai hawan jini ko ciwon suga, ko wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande, a faɗa tun kafin a ɗora tukunya.

Sai batun nama. Na taɓa kai gwaggona wani gidan abinci a Maitama, ta ce nama take so, na zaɓa mata gasasshen naman sa irin na Turawa, weita ya tambayi yadda za a gasa shi, ni kuma don kada a ga ƙauyancina na ce a yi shi yadda aka saba. Da ta sa wuƙa sai ga cikin jawur, ruwa-ruwa yana gangarowa kan farantin. Ta ajiye wuƙar a hankali, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wannan saniyar ai ko wutar ba ta gani ba." Ta ƙi yarda a mayar, wai kada a wahalar da yaran mutane, ta ci burodi da man shanu, muka koma gida aka ɗumama mata tuwo. Tun daga ranar nakan ce a gasa shi ya gasu har ciki, kada a ga ja ko kaɗan, kuma idan ya zo ba haka ba nakan mayar da shi nan take, kafin a ci rabinsa.

Ruwan sha ma yana da tarko. Idan aka ce "a kawo ruwa" kawai, wasu wuraren za su kawo na kwalbar tangaran da aka shigo da shi daga waje, su yi ta buɗe sabuwa duk lokacin da kofi ya yi ƙasa, kuma akwai mai gas wanda yawancin tsofaffinmu ba sa iya sha. A ce ruwan roba na gida ake so, marar gas, a faɗi adadi. Game da yawan abinci, ya fi kyau a fara da kaɗan a ƙara daga baya. A gidajen Lebanon da Indiya da Sin tsarin ma na tarayya ne, a jera kwanuka a tsakiya kowa ya ɗiba, wanda ya yi daidai da yadda muka tashi.

Cokula da wuƙaƙen da ake jerawa ba abin tsoro ba ne. Ana farawa da na waje a shigo ciki yayin da abinci ke sauyawa, ƙaramin farantin burodi yana hagu, kofin ruwa yana dama, adiko kuma a kan cinya ake shimfiɗa shi. Turawan Ingila suna riƙe cokali mai yatsu da hagu, amma Musulmi da dama yake ci, don haka sai ya yanka naman, ya ajiye wuƙar, ya mayar da cokalin hannun dama, kamar yadda Amurkawa ma suke yi. Tuwo da sakwara da teba kuwa da hannu ake cin su ko a wane otal ne, sai a nemi ruwan wanke hannu. Wanda ya ƙoshi ya haɗa cokali da wuƙa wuri ɗaya a kan farantin, weita zai gane ya ɗauke.

Kada a kira ma'aikaci da tsaki ko tafi ko "kai". Ɗaga hannu kaɗan ya isa. Yara a fara kawo musu nasu. Hoto kuma a nemi izinin matan da ke teburin kafin a ɗora shi a intanet, kuma a kauce wa ɗaukar mutanen teburin gefe.

Idan mutum ɗaya ne zai biya, ya fi kyau ya tashi kamar zai je wanke hannu ya gama da su a can, domin kada takardar ta iso tebur a fara jayayyar "bari ni zan biya" a gaban surukai, ko dattijo ya hango adadin ya shiga salati. A karanta lissafin layi-layi, domin a wurin da ya cika akan yi kuskuren saka abin da wani tebur ya ci. Idan tura kuɗi za a yi ta waya, a tabbata sunan da ya fito na gidan abincin ne, kuma idan na'urar POS ta ce bai shiga ba alhali an cire kuɗin, a riƙe 'yar takardar da ta fitar don kai ƙorafi banki. Saboda irin wannan ne ake son a tafi da kati na biyu ko 'yan tsabar kuɗi. Kuɗin hidimar da aka rubuta ba lallai ne ya shiga hannun wanda ya yi ta kai-komo a kanku ba, don haka idan ya kyautata a damƙa masa tukuicinsa a hannu.

Abincin da ya rage a ce su ƙunshe shi, an riga an biya kuɗinsa, kuma wasu wuraren sukan caji kuɗin robar. Wannan bai shafi tsarin ɗiba da kanka ba, inda ba a yarda a fita da komai. Idan da direba aka zo, a tuna da shi tun lokacin da ake zaɓen abinci, a sa a kai masa nasa da zafinsa. Kafin a watse kuma a tabbata waɗanda ba su zo da mota ba sun samu mai sauke su ko an kira musu Bolt, musamman mata da masu komawa Kubwa ko Nyanya da dare, kuma a ajiye ɗan canji a aljihu don mai gadin da ya kula da motoci.