Yadda na gyara matsalar gane tadigired a ruwan gansakuka

Tadigired da rotifa wasu ƙananan halittu ne da ke zaune cikin gansakuka. Matsalar ita ce, a maikiroskof ƙananan halittun sukan fito fari fat, ko a same su a murƙushe, ba a bambance tadigired da rotifa. Abu biyu ke jawo haka: haske ya yi yawa, kuma siririn gilashin rufi yana danne su.

Na jiƙa busasshiyar gansakukar jikin bango a ruwan sama, ta kwana. Ban da ruwan famfo, sinadarin kulorin na iya kashe su. Da safe na matse ta a faranti, na bar ruwan ya kwanta minti 15, sannan na zuƙo ɗigo ɗaya daga ƙasa, don can suke taruwa, na ɗiga shi a kan gilashin maikiroskof.

Kafin in rufe, na ɗan shafa basilin a kusurwa huɗu na gilashin rufin. Wannan ya ɗaga shi kaɗan, halittun suka samu wurin motsi. Sai na tsuke ƙofar hasken da ke ƙarƙashin dandamalin maikiroskof, nan take jikinsu ya fito. A fara da ƙara girma ninki 40, in an hango abu a koma 100. Ninki 400 wajen nema ɓata lokaci ne.

Tafiyarsu ce ke tona su. Tadigired ƙafa takwas gare shi masu farata, yana tafe a hankali, yawanci bai kai rabin milimita ba. Rotifa tana miƙewa tana tsukewa kamar matsattsaku, da gashi mai kaɗawa a kanta. Siririyar da ke ta mutsu-mutsu ba ƙafa kuwa, tsutsar nematod ce.