Darasi na 9: Jinyar Ɗan Uwa Mai Kansar Ciki da Ta Yi Nisa

Kansar ciki ciwo ne da ke farawa a bangon tumbi, wato jakar nan da abinci ke sauka ciki bayan an haɗiye. Da farko tana kama da olsa, ƙwannafi da kumburin ciki da saurin ƙoshi, shi ya sa da yawa sai ta yi nisa ake ganewa. In likita ya ce ta kai mataki na 4, to ta wuce tumbin ta kama wani wuri ke nan, yawanci hanta ko fatar da ta lulluɓe kayan ciki, kuma a nan abin da magani ya fi yi shi ne ya rage mata gudu, ya rage wa mutum wahala, ya ƙara masa lokaci cikin sauƙi. Ba a ɗaukar ta a kofi ko kwano ko zama tare, don haka kar a ware masa komai.

Maganar abinci

Nan ne 'yan uwa suka fi shan wuya. Yarinya ta ɓata lokaci ta yi girki, ta kawo kwano cike, ya yi cokali biyu ya ture, ita kuma ta tsaya a kansa tana "haba Baba, don Allah daure ka ƙara ko loma ɗaya ce", daga nan shi ransa ya ɓaci ita ma ta fita da hawaye. Ku gane, ba ƙin abincin yake ba. Ƙarin, wato tsiron da kansar ta yi, ya cinye wuri a tumbin, in kuma an yi tiyata an yanke wani sashe to wurin ya ƙara ƙanƙancewa, ga kansar ita ma tana kashe sha'awar ci. Dole ba ta gyara wannan, amai kawai take kawowa.

Abin yi shi ne kaɗan-kaɗan, sau 6 zuwa 8 a yini, a ƙaramin kwano don babba na karya masa gwiwa tun bai taɓa ba. A ba shi mai laushi kuma mai gina jiki, kamar ƙwai da madara da kifi, a ɗan ƙara mai in yana iya ɗauka. Ruwa ya riƙa kurɓa tsakanin ci da ci, in ya haɗa da abinci ruwan ne zai cika wurin. Ya gama ya zauna a jingine ko rabin awa ne, kar ya kwanta nan take. In warin girki na tada masa zuciya a bari abincin ya huce tukuna. Amma fa in duk abin da ya ci yana dawowa, har da na awanni baya, wataƙila hanyar fita daga tumbin ce ta toshe, a gaya wa likita, akwai ɗan bututu da suke sakawa ya buɗe hanyar.

Kemo da maganin zafi

Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansar, zagaye-zagaye ake yi, duk sati 2 ko 3, ana gwajin jini kafin kowanne. Za ku ga gajiya, tashin zuciya, gudawa, ƙurajen baki. Wani maganin da ake kira oxaliplatin yana sa yatsu su riƙa mutuwa-mutuwa, sanyi kuma ya dame shi sosai, to kwanakin farko kar a ba shi ruwan firji.

Maganin zafi a ba shi a kan lokacin da aka rubuta, kar a jira sai ya fara murƙususu. In mofin ne na ruwa, wato wani maganin zafi mai ƙarfi, yawanci duk awa 4 ne. Mutane na tsoronsa wai zai kama mutum ko wai alama ce an fid da rai, ni kam ina ganin barin mutum ya kwana yana nishi alhali ga magani a kwalba shi ne abin tsoro. Mofin na ƙulle ciki, ku nemi maganin sakin bayan gida tun ranar farko. Kar ku saya masa ibuprofen ko aspirin ko diclofenac da kanku, suna iya fasa jini a tumbi. Duk wani sassaƙe ko jiƙo da masu dubiya suka kawo, likita ya gani kafin ya shiga bakinsa.

Ku sayi ma'aunin zafin jiki. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo garkuwar jiki na yin ƙasa sosai, in zafi ya kai 38 a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne, ba a jiran wayewar gari. Haka in ya yi aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko numfashi ya yi wuya, ko ya rikice, ko ruwa ma ya ƙi zama.

In ya kai ga kwanciya a riƙa juya shi duk awa 2, a duba ƙugu da diddige don gyambo.

Shi ma da bakinsa

Kar ku riƙa ƙus-ƙus da likita a bayan ƙofa kuna barin sa da kallo. Jikinsa ne, ya riga ya ji abin da yake ji. Ku tambaye shi iya abin da yake so ya sani, in ya ce a ci gaba da kemo ko a dakata, maganarsa ce gaba. In ya yi shiru ku zauna da shi a shirun, ba sai an cika shi da "ai da sauƙi" ba. Ku kuma raba jinyar, mutum ɗaya ba zai iya dare da rana ba, a tsara wa ke kwana, wa ke rakiya asibiti, wa ke karɓo magani.

Aikin gida

Nan karatun da kuke koyo zai yi muku rana. Ku samu ƙaramin littafi, ku ja layi huɗu: lokaci, magani, abin da ya ci, zafin jiki. Misali: 8:00 na safe, mofin, ƙwai ɗaya da rabin kofin madara, 37. Ku cika shafi ɗaya na gwaji, a ƙasa ku rubuta alamomi uku da za su sa a tafi asibiti nan take, da tambaya biyu da za ku yi wa likita. Ku zo da shi aji na gaba.